Aikin Limamin Soja Wajen Raba 'Yan Mazan Jiya da Shan Taba

(Jawabin da aka gabatar a zaman zumuntar fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyin Wurno, Rabah da Goronyo)

 

GABATARWA

Batun da aka ba mu mu yi magana a kai shi ne aikin limamin soja wajen taimakon tsofaffin sojoji su bar shan taba sigari. Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Mu 'yan tsiraru ne, majami'unmu ƙanana ne, bariki kuwa yana can Sakkwato. Amsar tana kan kujerunmu na ranar Lahadi. Idan muka duba ikilisiyoyin wannan yanki za mu ga malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan sanda, 'yan kasuwa, ma'aikatan madatsar ruwa ta Goronyo, da masu bautar ƙasa waɗanda kan yi shekara ɗaya su wuce. A cikinsu akwai wani dattijo wanda shi ba ya wucewa. Ya yi soja, ya yi ritaya, ya sami aikin gadi ko ya kama noman albasa da tafarnuwa a fadama, ya zauna. Sau da yawa shi ne ke riƙe da mabuɗin majami'a, shi ne ke tsayawa a bakin ƙofa yana lura da masu shige da fice lokacin sujada, shi ne kuma wanda hakimi da 'yan sanda suka sani idan wata magana ta taso. Ikilisiya mai mutum 1,000 za ta iya rasa dattijo ɗaya ba ta girgiza ba. Ikilisiya mai mutum 30 idan ta rasa irin wannan, ta rasa ginshiƙi.

To, wasu daga cikin waɗannan iyaye namu suna ɗauke da kwalin taba a aljihu, wani a fili, wani a ɓoye. Akwai wanda ya daina zuwa Jibin Ubangiji saboda kunya. Akwai wanda ke zama a kujerar baya domin kada a ji wari a rigarsa. Akwai wanda tari ya hana shi rera waƙar da ya fi so.

Maganar da muke so mu bari a zukatanku yau ita ce: tabar tsohon soja rauni ne da ya kwaso daga bakin daga, kuma wanda ya fi dacewa ya ɗaure masa wannan rauni shi ne mutumin da ya amince da shi, wato limaminsa, hannu da hannu da ma'aikacin lafiya. Inda ƙafar limamin bariki ba ta kai ba, mu ne limaman.

WANE NE LIMAMIN SOJA?

Rundunar sojan Nijeriya tana da sassa uku masu kula da addini: sashen limaman Katolika, sashen limaman Furotestan, da sashen harkokin Musulunci. Limamin soja hafsa ne, yana sa kaki, yana zama a bariki, kuma yakan bi dakaru zuwa inda aka tura su. Shi ne ke yi musu addu'a kafin su fita, shi ne ke zama a gefen gadon wanda aka harba, shi ne kuma ke tsayawa a bakin kabari. Kurtu ba ya iya gaya wa samanja cewa tsoro yake ji, amma yana iya gaya wa limami.

Wannan aiki yana da daɗaɗɗen tarihi. A ƙarni na 4 an yi wani sojan Roma mai suna Martin, wanda daga baya ya zama bishop na birnin Tur a ƙasar Faransa ta yau, ya rasu a 397. Ana ba da labari cewa wata rana cikin tsananin sanyi ya gamu da wani mabaraci a ƙofar gari ba shi da sutura, sai ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Daga baya aka sa firistoci su riƙa tsaron ragowar alkyabbar, suna bin sarakuna da ita zuwa yaƙi, kuma daga sunan wannan alkyabba ne aka samo sunan da Turawa ke kiran limamin soja da shi har yau. Tun tushe ke nan, aikin na rufa wa mutum asiri ne.

Littafi Mai Tsarki ma bai kori soja ba. A Luka sura 3 sojoji sun je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, ya kuma ba su shawara daidai da sana'arsu. A Matiyu sura 8 Ubangiji ya yaba wa bangaskiyar jarumin Kafarnahum. A Ayyukan Manzanni sura 10 gidan soja ne, gidan Karniliyas, Bitrus ya shiga da bishara.

Matsalar ita ce, ranar da soja ya miƙa kaki ya bar bariki, ranar ya rabu da limaminsa. Barikin Giginya da hedikwatar Runduna ta 8 suna Sakkwato, zuwa can daga Goronyo ko Rabah kuwa tafiya ce mai cin kuɗi da kasada. Limami ya tsaya a bariki, taba kuma ta biyo mutum har gida.

YADDA TABA TA SHIGA RAYUWAR SOJA

Ba za mu iya taimakon mutum ba sai mun san inda ciwonsa ya faro. Kakanninmu sun je yaƙin Bama a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, waɗanda ke raye a cikinsu yanzu duk sun haura shekara 70. Yayyenmu sun je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG daga 1990, sannan Saliyo, wasu kuma Darfur. Ƙannenmu da 'ya'yanmu sun yi arewa maso gabas tun daga 2009. Yawancinsu sun shiga Defo na Zariya suna samari, gemu bai gama fitowa ba.

Mu yi tunanin saurayi a bakin gadi da ƙarfe biyun dare, ga sanyi, ga yunwa, ga barci, kuma idan ya rintsa ransa da na abokansa ne. Na kusa da shi ya miƙo masa guntun kara. Wannan kara ya kore masa barci, ya danne masa yunwa, ya kuma zama alamar cewa shi da wancan 'yan'uwa ne. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunoni da dama sun riƙa raba wa sojojinsu taba tare da abinci, Amurka ma ba ta cire taba daga ƙunshin abincin sojojinta ba sai a 1975. Saboda haka kafin mu ɗaga murya a kan dattijo, mu tuna cewa ba a gidan rawa ya koya ba.

A cikin taba akwai sinadarin da ake kira nikotin. Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya ba da ɗan jin daɗi, sannan ya fara raguwa. Da ya ragu sai jiki ya shiga ƙunci da fushi, sai mutum ya kunna wani kara, ya ji sauƙi, ya ɗauka taba ce ke kwantar masa da hankali, alhali ita ce ta tayar da shi tun farko. Mai shan kara 10 a rana, idan yana zuƙa 10 a kowane kara, yana koya wa ƙwaƙwalwarsa wannan darasi sau 100 kullum. A lissafa wannan a shekara 40. Babu faretin da aka maimaita wa soja kamar wannan.

Akwai kuma abin da ido ya gani. Wasu 'yan mazan jiya suna fama da firgicin yaƙi: mugun mafarki, rashin barci, zabura idan ƙofa ta buga, da ƙin shiga taro. Mu a nan ba mu buƙatar a ba mu labarin tsoro. Mun san harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yuli na 2018, mun san harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Ƙarar bindiga da dare tana tsorata kowa, amma ga tsohon soja tana fama tsohon miki, hannunsa kuwa ya san hanyar aljihu.

ABIN DA TABA KE CI, DA ABIN DA BARI KE MAYARWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, a cikinsu fiye da miliyan 1 ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Tana kashe har kusan rabin masu shan ta waɗanda ba su bari ba. A cikin hayaƙinta akwai sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Tana lalata huhu, tana toshe jijiyoyin jini, tana kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna cewa kimanin namiji ɗaya cikin kowane 10 yana amfani da taba.

Ga kuma aljihu. Kara 10 a rana shi ne kara 3,650 a shekara. Mu ɗauka kara ɗaya naira 50 ne. Wato naira 500 a rana, naira 15,000 a wata, naira 182,500 a shekara, daga fanshon da ba ya kai ƙarshen wata. Wannan kuɗin taki ne, kuɗin makarantar jika ne, kuɗin maganin hawan jini ne.

Amma ba mu zo da labarin mutuwa kaɗai ba. Dattijo yakan ce, "Ni da na kai wannan shekaru, me ya rage?" Ga amsa. A 1951 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bin diddigin lafiyar dubban likitoci, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa mai shan taba yakan rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ceto kimanin 9, wanda ya bari yana da 50 ya ceto kimanin 6, wanda ya bari yana da 60 ya ceto kimanin 3. Rai a hannun Allah yake, wannan gaskiya ne, amma Allah ɗin ne ya ba mu amanar jikin. Jiki kuwa yakan fara gyara kansa nan da nan: cikin minti 20 bugun zuciya ya fara sauka, cikin awa 12 iskar guba da ke cikin jini ta koma daidai, cikin 'yan watanni tari da haki su ragu, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

DON ME LIMAMI?

Wani zai ce wannan ai aikin likita ne. Aikin likita ne, aikin limami ne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu ƙoƙarin bari su kaɗai ba tare da taimako ba, kimanin 4 ne cikin 100 ke cin nasara, shawara da magani kuwa suna iya ninka wannan fiye da sau biyu.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A 2010 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 10 na tsofaffin sojoji a Amurka, da 'yan mazan jiya 943 masu shan taba waɗanda ke fama da firgicin yaƙi. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka tura su wani ɗakin shan magani na masu son barin taba. Ɗaya kashin kuwa, ma'aikacin da ya saba duba su a kan firgicin, wanda suka riga suka sani, shi ne ya ɗauki maganar taba tare da su. A kashi na farko kimanin 4 da rabi cikin 100 ne suka bari na dogon lokaci, a na biyu kusan 9 cikin 100. Abubuwa biyu muka koya daga nan. Na ɗaya, yaƙin yana da wuya, kada mu raina shi. Na biyu, muryar da mutum ya saba da ita ta fi tasiri a kansa. A Wurno ko Gandi, wace murya ce tsohon soja ya saba da ita idan ba ta fastonsa ba?

Haɗa fasto da likita ba sabon abu ba ne. A wajajen 1960 wani likita mai suna Wayne McFarland da wani fasto mai suna Elman Folkenberg, 'yan ɗarikar Adbentis a Amurka, suka tsara shirin kwana biyar na barin taba, likita yana bayanin jiki, fasto yana ƙarfafa zuciya, shirin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A ƙasarmu ta Sakkwato ma, ta hanyar jinyar kutare a Amanawa ne ma'aikatan mishan na SIM suka yi hidima tun ƙarshen shekarun 1930. Kula da jikin mutum gadonmu ne.

Ba mu zo mu sauya dokar kowace ɗarika ba. Kowace ikilisiya tana da tsarinta game da baftisma, Jibin Ubangiji da riƙon muƙami. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 6, cewa jikin mai bi na Allah ne, muna kuma tsaye a kan wannan. Amma shi Bulus ɗin ne ya umarci Galatiyawa a sura 6 su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, su ɗauki nauyin juna. Horo ba tare da taimako ba yakan koya wa mutum ɓuya ne kawai.

MATAKAI BAKWAI GA LIMAMI DA FASTO

1. A je wurinsa, a saurare shi. Kada maganar ta fara daga bagade ranar Lahadi, inda kowa zai juyo ya dube shi. A same shi a gida ko a gona, a gaisa, a ce, "Baba Samanja, a ina kuka fara shan ta?" Wannan tambaya takan buɗe labarin da matarsa ma ba ta taɓa ji ba. Abin da aka ji a nan kuwa a nan zai tsaya. Fasto da ya mayar da sirrin dattijo misalin wa'azi ya rufe wannan ƙofa har abada.

2. A nemi dalilinsa na kansa. Wani saboda jikoki ne, wani saboda haki, wani saboda yana marmarin komawa teburin Ubangiji. A bar shi ya faɗa da bakinsa, a rubuta masa a takarda ya sa a aljihun da kwali ke zama.

3. A sa rana. Soja ya san oda, ya san ranar fita. A zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa, a gaya wa iyali, a daren jajibiri a fitar da kwali da ashana daga gida, a wanke riguna. Kwanakin azumi 40 kafin Ista lokaci ne mai kyau. Haka ma 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, ko 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya.

4. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya kafin ranar. A auna jininsa, a duba ƙirjinsa. Akwai filastar nikotin da cingam ɗin nikotin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, akwai kuma ƙwayoyin da likita kaɗai ke rubutawa. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda ke shan maganin sukari, na asma ko na ƙwaƙwalwa ya gaya wa likita zai bar taba, domin wani lokaci sai an gyara masa awo. Tarin da ya wuce mako biyu, ko tofar da jini, ko rama da zufar dare, a je a yi gwajin tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mai mugun mafarki da rashin barci kuwa a raka shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kuma gaya masa cewa zuwa can ba abin kunya ba ne. Wanda ke cikin tsarin inshorar lafiya na sojoji masu ritaya, a taimake shi ya nemo katinsa.

5. A tsaya da shi a makon farko. Kwana na biyu da na uku su ne bakin daga: fushi, ciwon kai, rashin barci, yunwa. Yawanci abin yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kowace sha'awa kuwa 'yan mintoci take yi ta wuce. A koya masa ya jinkirta, ya sha ruwa, ya ja numfashi a hankali, ya tashi ya zaga, ya sa asuwaki, aya ko gyaɗa a baki, ya yi gajeriyar addu'a. Ya rage goro da shayi mai kauri, domin bayan barin taba sukan fi kama jiki su hana barci. Kada ya koma garin taba na baki ko na hanci, nikotin ɗin ne dai, kuma yana kawo ciwon daji a baki. Kada kuma ya musanya taba da giya ko ƙwaya. A kira shi ta waya safe da yamma. Inda hanya ba ta biyuwa, waya tana zuwa.

6. A ba shi abokin daga. Soja ba ya fita sintiri shi kaɗai. A haɗa shi da wani tsohon soja ko ɗan sanda da ya riga ya bari, wanda zai iya kira da tsakar dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Idan ya faɗi, a tashe shi. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da yawa. A tambaye shi, "Baba, me ya faru a wannan rana?" Sannan a sa sabuwar rana. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, Ubangiji kuwa ya same shi a bakin teku ya mayar masa da aikinsa, kamar yadda muke karantawa a Yahaya sura 21. Ja da baya domin sake shiri ba faɗuwar yaƙi ba ne.

IYALI DA MAƘWABTA

Iyayenmu mata na Zumunta, naku aikin babba ne. Ku ne kuka shaƙi hayaƙin shekara da shekaru, musamman da hunturu lokacin da ake rufe ƙofa da taga, yara suna kwance a ɗaki. Ku ne kuma za ku sha fushin makon farko. Muna roƙonku ku yi haƙuri da wannan fushi, na ɗan lokaci ne. Tun kafin ranar bari a yi yarjejeniya: babu shan taba a cikin ɗaki, babu aiken yaro sayen taba. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sayar da ita kara-kara, ta kuma hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Kuɗin da ake kashewa kullum a riƙa jefa shi a asusu, a fasa bayan wata uku a gaban maigida, ya gani da idonsa.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Babban aminin tsohon sojanmu sau da yawa Musulmi ne, wanda suka kwana a rami ɗaya. Hayaƙi bai san addini ba. A watan Ramadan maƙwabtanmu sukan kame daga taba tun asuba har faɗuwar rana, limamansu kuma suna yi musu gargaɗi a kanta. Idan aminai biyu suka sa rana ɗaya, fasto yana bibiyar wannan, liman yana bibiyar wancan, an sami lafiya, an kuma ƙara danƙon zaman tare. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, ta haɗa Kirista da Musulmi, ta wurinta za a iya kai wa ga dukansu.

SHAWARWARI

Na ɗaya, muna roƙon 'yan'uwanmu limaman bariki su fara maganar taba da soja tun yana cikin kaki, kuma idan zai yi ritaya su ba shi takarda zuwa ga faston garin da zai zauna, domin kada ya ɓace a tsakani.

Na biyu, kowace ikilisiya ta san tsofaffin sojoji, 'yan sanda da sauran masu ɗamara da ke cikinta, da gwaurayensu, ta kuma sa dattijo ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya su riƙa ziyartarsu.

Na uku, sau ɗaya a shekara, a watan Janairu, ikilisiyoyin ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kuɗin mota su gayyato limamin soja daga Sakkwato ya zauna da 'yan mazan jiya su kaɗai, ƙofa a rufe. Akwai maganar da sai mai kaki ke iya gaya wa mai kaki.

Na huɗu, wanda ya cika shekara bai sha ba, idan ya yarda, a ba shi dama ya yi shaida, musamman a gaban matasa, waɗanda shisha da sigari ke zawarcinsu a yau. Yaro zai iya kau da kai daga wa'azin fasto, amma da wuya ya kau da kai daga mutumin da ya je Laberiya ya dawo.

KAMMALAWA

Iyayenmu 'yan mazan jiya, ku muke yi wa magana ta ƙarshe. Kun tsaya gadi domin wasu su yi barci, ƙasa ba ta biya ku daidai da wahalarku ba, amma Allah ya gani. Ikilisiya tana buƙatarku da rai da lafiya, jikokinku ma haka. Wanda yake so ya sa rana, ya ga fastonsa bayan an tashi, ba sai ya ɗaga hannu a cikin taro ba. Fastoci da masu bishara kuma, kada mu bar wannan takarda a cikin jaka. Kowa ya san sunan mutum ɗaya, ya je wurinsa cikin wannan mako.

Bari Ubangiji, wanda ya warkar da bawan jarumin Kafarnahum, ya warkar da iyayenmu, ya ba su ƙarfi a ranar gwaji, ya kawo salama a Wurno, Rabah, Goronyo da dukan ƙasarmu, ya kuma mai da kowa gida lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.